Rabin Kitson Sahura

Makitsan zamanin da sun san wani birni wanda fatake ba su taɓa yada zango a cikinsa ba. Sunansa Birnin Silili, na aljanu ne, kuma ba shi da hanya sai wadda mace ta tsaga da hannunta. Za ta je fadama da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, ta durƙusa ta ja kibiyar kitso a cikin ciyawa kamar za ta tsaga kai. In da rabo, ciyawar za ta kwanta dama da hagu, farar hanya siririya ta bayyana. Ana cewa babu ciwon da ba shi da magani a birnin nan. Masu faɗin haka dai babu wadda ta taɓa zuwa.

A garin Tudun Gawo an yi wata makitsiya, Ladingo, mace mai zafin nama da taurin kai, wadda in ta kafe ko jaki sai ya sara mata. Tana da aminiya, Sahura mai daddawa. Tun suna 'yan mata suka ƙulla ƙawance da goro da ƙwaryar tuwo, kuma shekara arba'in ke nan babu hannun da ya taɓa kan Sahura sai na Ladingo. In an zauna kitso sai tsiya ta tashi. Ladingo ta ce kan nan warin kalwa yake yi, Sahura ta ce ita kuwa wannan ba kitso take yi ba, tugar gyaɗa take yi.

Sai ƙari ya fito wa Sahura a ciki. An sha saiwa, an sha rubutu, an kai ta wurin masu magani na kusa da na nesa. Kowa ya duba sai ya sunkuyar da kai ya ce a dage da addu'a, kuma duk garin ya gane abin da ake nufi. Amma masu dubiya sukan shigo su ce, "Ya jiki?" Sahura ta ce, "Da sauƙi." Su ce Allah ya ƙara sauƙi, su ajiye 'yar fura su fita. Haka aka gada, ba wanda ya ga laifi.

Wata Alhamis da hantsi Ladingo tana yi mata kitso a ƙarƙashin rumfa. Ta gama gefen dama, kitso tara cif, sai Sahura ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ƙawa, akwai maganar da nake so mu yi. Ni fa jikin nan nawa..."

"Da sauƙi," in ji Ladingo, ta tari numfashinta. "Jiya ma na ga kin sha kunu."

"Ki bari in faɗa mana."

Ladingo ta ji kan da ke bisa cinyarta ya zama ba nauyi, wuyan ya sirance. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Nan take wata dabara ta faɗo mata, dabarar da makitsiya kaɗai za ta yi. A garinsu mace ba ta ko leƙa zaure da rabin kitso, balle ta yi tafiya mai nisa. Sai ta goge man hannunta, ta soke kibiya a ɗankwali, ta miƙe.

"Ina za ki? Ai ba ki gama ba."

"Sai na dawo. Na san ki da son ado, Sahura, ba inda za ki da rabin kai. Ki jira ni."

Wai ita nan ta yi wa mutuwa wayo ke nan. Ta fice ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ƙafarta ba za ta ɗauku ba.

Rana na tsaka ta isa fadama. Ta yi bismillah, ta ja kibiya, ciyawa ta kwanta, hanya ta buɗe fara sol. Ta sa kai. Tun ciyawar tana kore har ta koma baƙa, mai laushi da santsi, ta fi ta tsawo, tana kaɗawa ba tare da iska ba. Sama ta yi launin shuni. Ba ta ji yunwa ba, ba ta ji ƙishi ba, ƙafafunta ma kamar ba nata ba. Can gaba ta hango ganuwar wani birni tana ƙyalli, kusa ƙwarai, kamar ta miƙa hannu.

Sai ga guguwa ta tsaya a tsakiyar hanya, kanta a sama. A cikinta akwai wata doguwar mace, gashinta a cukurkuɗe da ƙaya da ganye da tsummoki.

"Ke bil'adama da kika tsaga ƙasarmu ba sallama, faɗi sunanki da sana'arki, kafin in ɗauke ki in jefa bayan duniya."

Ladingo ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, sunana Ladingo, makitsiya ce ni. Magani na fito nema wa aminiyata."

"Ni ce Guguwa, mai tsaron hanyar farko. Shekara ɗari uku ba wanda ya taje ni. Taje ni, ki wuce."

"To, ranki ya daɗe, sai ki daina juyin nan, don ni ba na taje kan da ba ya zama wuri ɗaya."

Guguwa ta yi mamakin ƙarfin halin nan, ta zauna. Ladingo ta shiga aiki. Ta ciro zoben wata amarya, ta ciro faifai uku, ta ciro hular wani dattijo da ƙila har ya mutu yana cigiyarta. Da gashin ya kwanta luf, Guguwa ta shafa, ta yi ajiyar zuciyar da ta kwantar da rabin dajin. Sannan ta dubi Ladingo.

"Yaya mai jikin da kika baro?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi." Baki ya riga ya saba, amsar ta fito tun kafin ta yi tunani.

Guguwa ta dube ta da tausayi. "Tunda da sauƙi, ai ba gaggawa."

Nan da nan hanya ta miƙe kamar danƙo, ganuwar ta ja baya har ta koma kamar ƙwayar gero. Kwana bakwai Ladingo ta yi tana tafiya, ba ta gane abin da ya same ta ba.

Ran na takwas ta iso bakin wani kogi mai gudu ba ƙara. A gaɓarsa akwai wani ƙaton masaki, a ciki wani zalɓe fari yana tsaye da ƙafa ɗaya, da ɗan gemunsa.

"Shigo, 'yar Adam," in ji Zalɓe. "Wannan Kogin Jiya ne. Ki duba in kina so, amma kada ki taɓa. Wanda ya sa hannu ya kamo abin da ya wuce, a nan zai tabbata."

Ta shiga, masaki ya fara tafiya da kansa. Ta leƙa ruwa, sai ta ga kanta da Sahura suna 'yan mata, suna wanke kalwa a rafi, zane a ƙirji. Ta ga ranar da Sahura ta haifi 'yarta Hakama, ita ce ta riƙe mata baya. Ta ga ranar da aka fitar da gawar mijinta ita Ladingo, Sahura ta tare a ɗakinta kwana arba'in, ba ta ce mata yi haƙuri ba ko sau ɗaya, sai dai ta dama fura ta zauna. Ga Sahurar cikin ruwa da kumatunta, tana dariya, ta miƙo hannu. Ladingo ta ji kamar ranta zai fita don so. Sai ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinya ta danne su, hawaye yana zuba.

Suna tsakiyar ruwa Zalɓe ya karkato dogon wuyansa.

"Wannan da kike kallo, yaya jikin nata yanzu?"

Ladingo ta share ido. "Da sauƙi."

"Madalla," in ji Zalɓe, ya ɓoye kansa a cikin fiffike.

Gaɓar da suka kusa taɓawa ta sulale ta yi nisa. Kwana goma sha biyu masaki yana lilo da su a kan ruwa, Ladingo tana kallon jiya tana wucewa.

Da ƙyar ta sauka a gindin ganuwar. Ashe ba da ƙasa aka gina ta ba, kitsa ta aka yi da baƙin dutse, tufka bisa tufka, ba ƙofa ba taga. A gindinta wani tsohon aljani yana zaune, gajere, kunnensa guda ɗaya ne tak, amma ya kai faɗin tabarma.

"Ni ne Sarkin Ƙofa," in ji shi. "Tambayata ɗaya ce, kuma kunnen nan ba ya jin komai sai abin da yake haka ne. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Ban ji ba."

Ta ɗaga murya. "Na ce da sauƙi!"

"Na ga bakinki yana motsi, 'yar Adam, amma ban ji komai ba."

Ladingo ta tsaya. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin an amsa tambayar nan da wata amsa ba, kuma gani take in ta furta gaskiyar, ita ce ta jawo mutuwar. Sai ta zube ƙasa.

"Ba sauƙi," ta ce. "Wallahi ba sauƙi. Sahura mutuwa za ta yi. Ta ƙare, sai ƙashi. Ni kuma tsoro nake ji, ban san yadda zan yi da duniya in ba ta ba."

Kunnen ya motsa. "Yanzu na ji," in ji Sarkin Ƙofa.

Ganuwa ta warware kanta sili-sili, Ladingo ta shiga.

A cikin Birnin Silili kullum la'asar ce sakaliya. Gidaje a rataye suke da zare daga sama, suna lilo a hankali. Mutanen birnin suna tafiya ba a jin takunsu, in sun gaisa sai ƙamshin turare ya tashi maimakon murya. Aka kai ta gaban Magajiya, sarauniyar birnin, wadda gashinta ya malala ya cika tsakar gida bakwai, kurciyoyi suna sheƙa a ciki.

"Mun ji labarin hannunki daga bakin Guguwa," in ji Magajiya. "Ki kitse mana kan nan. In ya yi, ki roƙi abu ɗaya."

Ladingo ta ɗaura ɗamara. Ta tsaga, ta shafa mai, ta kama. Ta bi gashin nan daga tsakar gida zuwa tsakar gida, tana lallashin kurciyoyi su matsa, yatsunta suka kumbura, suka fashe, suka warke. Rana ba ta gusa ba balle ta san kwana nawa ta yi. Da ta ƙulle na ƙarshe, aka kawo wa Magajiya kwatarniyar ruwa ta duba, ta yi murmushi, duk gidajen birnin suka yi lilo tare.

"Roƙi, 'yar Adam."

"Allah ya ja zamaninki, maganin ƙarin da ke cikin Sahura nake so."

Murmushin ya ɓace. "Wanda ya gaya muku muna da maganin ajali, ƙarya ya yi mana. Mu ma mutuwa muke yi, jimawa kawai muka fi ku. Wa'adi na Ubangiji ne, ba ya cikin rumbunmu. Abin da muke da shi ɗaya ne." Ta nuna wani ɗan tulu shuɗi. "Ruwan tsayar da yini. In kika ɗiga mata a ka, ranar da take ciki ba za ta faɗi ba."

Ladingo ta yi wuf ta rungume tulun.

"Naki ne," in ji Magajiya. "Amma zo ki ga waɗanda aka ɗiga wa. Duniya ba ta riƙe wanda ranarsa ta tsaya, mu muke ba su masauki."

Aka buɗe mata wani fili mai faɗi, shimfiɗe da tabarmi har iyakar gani. A kan kowace tabarma akwai majinyaci, a gefensa kuma wanda ya ƙi sakin sa. Ga wani mutum yana yi wa mahaifiyarsa fifita, ya tsufa har ya fi ta furfura. Ga wata mata riƙe da ludayin kunu a bakin mijinta. Wurin yana da kyau ƙwarai, haske kamar zuma, sai dai ciwon ranar da aka tsayar yana nan a jikin kowa, bai ragu ba, bai wuce ba. Daga ko'ina murya take tashi a hankali, kamar kukan kurciya, wannan ya ce ya jiki, wancan ya ce da sauƙi. Tsohuwar da ake wa fifita ta juyo ta dubi Ladingo, ta dubi tulun, ta girgiza kai kaɗan yadda ɗanta ba zai gani ba.

Ladingo ta gani sarai, amma ba ta saki tulun ba. Na gaya muku taurin kanta.

Magajiya ta sa aka kawo tasar man shanu narkakke. "Duba aminiyarki. Yau kwananki talatin da uku da fita."

Ladingo ta leƙa. Ga Sahura kwance a ƙarƙashin rumfa, ta ƙara ƙanƙancewa. 'Yarta Hakama tana durƙushe a gabanta.

"Inna, kitson nan ya tsufa, yana cin ki, ko kwanciya ba kya iya yi ta gefen. Ki bari a kira wata ta gyara."

"Kan Ladingo ne," in ji Sahura. "Ba mai taɓa shi."

Hakama ta tashi ta shiga madafa tana share ido. Wata kaza ta zo tana tsattsage kusa da tabarma. Sahura ta dube ta.

"Ke dai ba ki iya ya jiki ba, zauna ki ji. Ciwo nake ji, 'yar nan, kamar ana nika ni. Kuma tsoro nake ji. Wadda zan gaya wa ta tafi nemo min kwana, ta kwashe 'yan waɗanda suka rage ta tafi da su."

Ladingo ta ajiye tulun a ƙasa a hankali. Kunya ta rufe ta, da baƙin ciki, da wata irin kewa da ta fi ƙarfin kuka.

"Ranki ya daɗe, na fasa. Ladan kitsona, a mayar da ni gida yanzu."

"Kin roƙi abin da muke iya bayarwa," in ji Magajiya. Ta tafa hannu, sai ga Guguwa da gashinta a kwance. Ta ɗauki Ladingo kamar ganye, suka tsallake ganuwa da kogi da daji kafin a ce amin.

Ana kiran azahar ta dire a ƙofar gidan. Ta yi sallama. Sahura ta buɗe ido ta daɗe tana kallon ta.

"Sannu da zuwa, sarkin dabara. Ina maganin?"

"Babu, Ƙawa. Hannu rabbana na dawo."

"Dama na sani. Zauna, kin tsaya min a ka kamar mai shela."

Ladingo ta zauna ta ɗora kan a cinyarta, ta zame ɗankwalin. Gefen dama ya dunƙule ya yi datti, fatar ta yi ja. Gefen hagu kuwa gashin ya zube, saura kaɗan. Ta zaro kibiya.

"Bari in ƙarasa miki."

"A'a," in ji Sahura. "Tsefe min."

Ladingo ta janye kibiyar. Ta san ba a kai mace kabari da kitso, sai masu wanka sun tsefe shi.

"Matan nan hannunsu da sauri," in ji Sahura. "Fizga za su yi. Ke ma muguwa ce, amma na saba da muguntarki. Kuma kada ki sake yi min wayo ki ce ɗaya yau ɗaya gobe. Duka nake so."

Ladingo ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta bar shi ya zubo. Ta sa bakin kibiya a kitson farko.

"To faɗa min, ina ji. Ina ne yake ciwo?"

Sahura ta faɗa. Ta faɗi inda yake ciwo, da yadda yake ciwo. Ta ce tana tsoron kwanciyar kabari, Ladingo ba ta ce mata haba ba, ta ce ita ma tana tsoro, suka yi salati tare. Sahura ta ce a bar wa Hakama tukwanen daddawa, kuma a riƙa leƙa ta, don ba ta iya neman taimako ba. Ta ce akwai wata magana da Ladingo ta gaya mata a wurin wani suna shekara ashirin da suka wuce, har yau tana cin ta. Ladingo ta nemi gafara, ita ma ta fito da tata, suka yafi juna. Kafin la'asar kitso tara sun warware. Ladingo ta wanke kan da ruwan ɗumi, ta shafa mai, ta taje a hankali. Sahura ta juya ta kwanta ta gefen dama, karo na farko cikin wata guda, barci ya ɗauke ta a kan cinyar.

Kwana goma sha ɗaya ta ƙara. Ladingo ta kawo tabarmarta ta tare a gidan. Ba ta da magani, sai fifita, da juya ta in ta gaji da gefe ɗaya, da jiƙa mata leɓe, da taje kan kowace safiya. Wata rana su yi hira, wata rana su wuni ba wanda ya ce uffan. Ran Asabar da hantsi, tana cikin tajewa, Sahura ta yi kalmar shahada, numfashi ya tsaya. Ladingo ta shafe mata ido, ta ƙarasa taje gefen da ya rage, sannan ta kira Hakama.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan, Allah ya jiƙan na gaba, ya kyautata namu zuwan. Sai dai an ce da masu wanka suka zo, babbarsu ta nemi a miƙo mata kibiya, ta cire ɗankwalin, ta tsaya tana dubawa. Ta mayar da kibiyar ta ce, "Wannan an riga an shirya ta. Wa ya yi mata?"

Daga bakin ƙofa Ladingo ta ce, "Ƙawarta."